Jirgin Kwali

Asabar, da hantsi

Joan ce ta ce in riƙa rubutawa, wai ya fi in zauna ina cin zuciyata. To ga shi ina rubutawa, ban ga abin da ya ragu ba.

An kwana ana ruwa. Katangar bayan madafi ta jiƙe sharkaf, in ba a yi mata yaɓe ba bana sai ta zauna. Da a da ne da tuni na faɗa wa maigidan. Yanzu sai dai in kalle ta, shi ma ya kalle ta, kowa ya wuce.

Litinin, bayan Azahar

Bari in rubuta yadda aka yi na dawo gidan nan, don ni kaina wani lokaci sai in ga kamar ba ni ba ce. Ranar Talatar da ya faɗi abin da ya faɗa, sau ɗaya ya faɗe shi, na zari mayafi na yi gidanmu a Ƙofar Kuyambana, ko takalmin kirki ban tsaya sawa ba. Baba Malam ya saurare ni har na gama. Bai ce ga mai gaskiya ba, bai ce ga mai laifi ba. Cewa ya yi idda a ɗakin miji ake yin ta, kuma ba a gidansa za a fara karya wannan ba. Kafin Magariba ƙanwarsa Gwaggo Ramatu ta rako ni har ƙofar ɗakina.

A hanya ta yi mini lissafi, kamar ban yi karatun ba. Tsarkin da nake ciki ranar shi ne na ɗaya. Duk ranar da fashin sallah na uku ya zo mini, igiya ta tsinke. Kafin nan kalma ɗaya ta ishe shi ya mayar da ni, ba sadaki, ba waliyyi. Bayan nan kuwa shi da kowane namiji a titi ɗaya suke a wurina.

Na farko ya zo ya wuce.

Shekara goma sha tara, wai yau ni ce nake dafa abinci in rufe da faifai in ajiye a ƙofar ɗakinsa kamar ɗan haya. Yaranmu Munira da Suhail suna makarantar kwana, ba su san komai ba. Allah ya sa kada su sani.

Laraba, da yamma

Ya cinye tuwon ya bar miyar. To ya bari.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Joan ta zo daga Wusasa, ƙafarta duk taɓo. Tun muna aji ɗaya a sakandare ba ta sauya hali ba, tana shigowa sai madafi ta buɗe tukunya. Ta tambaye ni ko mun yi magana. Na ce da me za mu yi? Abin da na faɗa masa kan shagonsa a gaban ƙaninsa gaskiya ce, shi ma ya sani. Ta ce ba ta tambaye ni gaskiya ba.

Sai ta fito da irin katunan da take haɗa wa ɗalibanta lokacin Kirsimeti, na kwali da ƙyalle, wani in ka buɗe sai bishiya ta miƙe tsaye. Wai in yi masa irinsa. Na yi dariya har na ƙware. Mu da ko ranar aurenmu ba ma tunawa, ni zan zauna ina yanka kwali kamar 'yar firamare?

Ta ce, “Tayyiba, na san bakinki. Ko za a yanka ki ba zai iya ba. To bari hannunki ya gwada.”

Na ce ta ci abincinta ta rabu da ni. Da za ta tafi ta bar almakashinta a kan tabarma, ta ce mantawa ta yi, alhali ina kallonta lokacin da ta ajiye.

Lahadi, da safe

Ban taɓa almakashin ba.

Lahadi, bayan La'asar

Na taɓa. Kwalin takalman Suhail na yanka.

In zan yi, abu ɗaya ne zan iya sawa a kai, fim ɗinmu. Na Indiya ne, tsoho, kalarsa duk ta koɗe. Ban taɓa sanin sunansa na gaskiya ba, mu dai Mai Jar Lema muke ce masa. Yarinyar 'yar mai sayar da shayi ce a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, saurayin kuma a jirgin yake aiki. Suka ɓata a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya ce shi ya tafi birni ke nan. Ta zo tasha cikin ruwan sama da jar lemarta, jirgi ya fara motsi, a daidai nan bidiyo ya tauna kaset ɗin.

Ina amarya lokacin. A gidan Baba Malam ko talabijin babu, sai dai in ji su Joan suna ba da labari a makaranta. Na fashe da kuka kamar an aiko mini da mutuwa. Shi kuwa gyaran rediyo da bidiyo ne sana'arsa, nan da nan ya kwance kaset ɗin, ya yanke inda ya lalace, ya haɗe da jan farcena. Amma ƙarshen ya tafi. Sai ya zaunar da ni ya ce in daina kuka, ai shi ya gani a silima a Sabon Gari tun yana yaro. Saurayin ya ja wata sarƙa, jirgi ya tsaya, ya dawo da baya har tasha, ya sauko ya shiga ƙarƙashin lemar. Na ce jirgi yana komawa da baya? Ya ce na Indiya yana yi.

Washegari ya shigo da jar lema, kuma a tsakiyar rani. Tana nan a bayan akwati, ƙarafunanta duk sun karye.

Talata, da hantsi

Ba zan zana mutum ba. Duk ɗinkin hular da na yi a rayuwata ban taɓa sa mai rai a kai ba, haka Baba Malam ya tashe mu, kuma ba a wannan halin zan fara ba. Don haka ba yarinya, ba saurayi. Tasha ce kawai, da lema, da jirgi, da ruwan sama. In ya gane ya gane.

Rumfar tasha da guntun kaba na yi ta. Jirgin da baƙar shadda, ragowar rigarsa ta Sallar bara, na liƙa a kan kwali mai ƙarfi. Joan ta nuna mini dabarar ta waya: a tsaga layi a jikin katin, a maƙala jirgin a wani siririn kwali ta baya, in an ja daga gefe sai jirgin ya taho. Na tsaga layin ya karkace. Na sake wani kwalin, shi ma ya karkace. Na yi tsaki na jefar da almakashin har ya kusa samun kaza.

Ya wuce ta tsakar gida ina tsugunne ina tsince guntayen. Ya kalli shaddar, na tabbata ya gane ta. Ya shige ɗakinsa.

Alhamis, da asuba

Yau ba na sallah. Na biyu ke nan.

Asabar, bayan Azahar

Ba abin da na yi. Na kwanta ina jin rediyonsa ta bango. Tunda shagon ya zama yadda ya zama, rediyon nan ba ya hutawa, mu ma ba ma hutawa. Ba zan sake rubuta maganar shago ba.

Laraba, da yamma

Na yanka jar lemar. Sai da na daɗe riƙe da ita kafin in sa mata almakashi. Guntun da na cire bai kai tafin hannu ba, amma ji na yi kamar a jikina na yanka.

Ruwan sama da zaren azurfa na ɗinke shi, layi-layi, a karkace kamar iska na kaɗa shi. Wannan kam hannuna ya san shi. Gam ɗin kanti ya ƙare, sai na jiƙa ƙaro irin wanda Baba Malam yake sawa a tawada. Yana kamawa, sai dai da wannan danshin ba ya bushewa. Na jingine katin kusa da murhu.

Katangar ta tsage daga sama.

Juma'a, da hantsi

Gwaggo Ramatu ta zo da labari, kuma da ma ba ta zo ba. Wai ta haɗu da ƙaninsa a wajen suna a Tudun Jukun, ta ja shi gefe ta ce me yayansa yake jira. Ya ce Yaya Abdulwahab ya ce ba inda za ta, a bar ta tukuna ta ji a jikinta, ai wata uku ne, da sauran lokaci.

In ji a jikina. Ni.

Kuma wata uku. Mutum da furfura a gemu, ya zauna da mace shekara goma sha tara, bai san ba da wata ake ƙirga wa irina ba. Wata uku ai na waɗanda suka daina ne. Gwaggo ta ce ta so ta gyara wa yaron lissafi, amma ina, ta yaya za ta buɗe baki ta yi wa ɗan cikinta irin wannan magana a gidan suna? Ta ce ni in faɗa masa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko kuma ta sa Baba Malam ya aika a kira shi.

Na ce wallahi duk wanda ya aika masa ban yafe ba. Ga malamai nan a kowane lungu na birnin nan, ko jifa ka yi a kan malami zai faɗa. In yana so ya sani ya tambaya. Ni ba zan je in tsaya a ƙofar ɗakinsa in ce masa ga ranar da nake sa rai ba, ya hanzarta ya taimake ni.

Gwaggo ta ce taurin kaina na uwata ne, Allah ya jiƙanta. Na ce amin.

Da ta tafi na yi kuka. Ina son mutumin nan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Lahadi, bayan La'asar

In ji a jikina.

Talata, da yamma

Da ma ban tambaya ba. Ina so in ga yadda rumfar tashar take a ƙarshen fim ɗin don in gyara tawa, sai na ba Joan labarinsa. Yayanta Walter ba tsohon fim ɗin Indiya da bai sani ba, ko minti biyar bai yi ba ya gane shi, ya sa aka tura mata a waya. Yau ta kawo. Muka zauna a bakin gado muka kalla tun daga farko, har waƙar ina bi ba tare da na san abin da nake cewa ba.

Aka zo tasha. Ga ruwa, ga lema, jirgi ya fara motsi. Na riƙe hannun Joan na ce yanzu zai ja sarƙar.

Ba wata sarƙa. Yana tsaye a ƙofar jirgin yana kallonta, tana kallonsa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Jirgin ya yi ta tafiya har ya zama ɗan ɗigo. Ta rufe lemarta ta koma cikin ruwa. Sai rubutu ya hau.

Joan ta ce ƙila akwai kashi na biyu. Ta kira Walter, ya ce babu.

Shekara goma sha tara ina ba mutane labarin jirgin da ya dawo da baya. Har Munira na ba. Ban san ko in ji haushinsa ba ko in ji wani abu dabam. Ƙarya ya yi mini, amma ban taɓa samun wanda ya yi mini ƙarya mai kyan wannan ba.

Laraba, da safe

Na yi tunanin in liƙe jirgin a can ƙarshen layi, in bar shi kamar yadda yake a fim ɗin. Na fasa. Nasa ƙarshen zan yi.

Asabar, da hantsi

Na gama, sai dai jirgin ya ƙi tahowa. Danshi ya kumbura kwalin. In na ja sai ya taho rabi ya cije, lema tana nan, shi yana can. Na sa a rana, ranar ba ta fito ba. Na danne da dutsen guga, a banza. Na kankare gefen da reza har na yanke yatsa.

Bayana ya fara ciwo tun jiya, irin ciwon da na sani. Ba ni da lokacin sake wani.

Na daɗe da biro a hannu. Na san abin da ya kamata in rubuta a ciki, layi ɗaya ne, Gwaggo ma ta faɗa mini shi. Hannuna ya ƙi. Abin da na rubuta shi ne: Ina gaisuwa.

Na sa shi a ƙarƙashin faifan abincin rana.

Asabar, bayan Magariba

Kwanukan sun fito. Katin bai fito ba.

Lahadi, da yamma

Shiru. Amma yau bai kunna rediyo ba.

Litinin, da yamma

Shiru. Ya cinye miyar.

Na ji shi yana binciken akwatin kayan aikinsa. Na tsaya a tsakar gida da tsintsiya a hannu kamar wata sakarya, ina shara inda na riga na share. Sau biyu na nufi ƙofarsa. Sau biyu na wuce madafi.

Talata, kafin Azahar

Na shiga in yi alwala na fito ban yi ba.

Talata, bayan La'asar

Zan rubuta shi yadda ya faru, sannan in haɗa kaya.

Ina zaune a bakin gado ya yi sallama. Rabon da ya yi sallama a ƙofar nan har na manta. Kafin in amsa na jawo mayafi na rufe kaina. Bai lura ba. Ya shigo da katin a hannu, yana murmushin nan nasa na in ya gyara abin da wani ya kasa.

Ya ce danshi ne ya riƙe shi, kyandir kawai ya goga wa kwalin ta baya, ya kuma daidaita layin. Ya ja. Jirgin ya taho sumul har gindin lema. Ya mayar, ya sake ja, kamar yaro. Sannan ya zauna a kujerar ɗinkina, ya kalli ƙasa, ya ce da ya so ya bari sai wata ya kama, amma ba zai iya ba.

Ya ce, “Tayyiba, na mayar da ke.”

Wallahi na so in yi shiru. Ba wanda ya sani, ko Gwaggo ba ta sani ba. Da sai in ce to, in an kira Magariba in shiga ɗaki in rufe ƙofa kamar mai sallah, kwana biyar ya wuce, yara su dawo su tarar da gidansu yadda suka bar shi. Har na buɗe baki in ce to. Sai na tuna Baba Malam yana karantar da mu wannan babin, yana cewa abu ne da Allah bai sa wa mace shaida a kansa ba, ita kaɗai ya ba amanarsa. Na tuna kuma cewa duk daren da zai biyo baya ni zan san abin da muke ciki, shi bai sani ba.

Na ce, “Yau ban yi Azahar ba.”

Ya kalle ni bai gane ba. Na ce na uku ke nan. Sai a lokacin ya ga mayafin. Ya fara ƙirga da yatsu, yana cewa ai wata biyu ne da 'yan kwanaki, ai da saura, ai kowa ya san wata uku ne. Na ce ba da wata ake ƙirga mini ba. Ya ce me ya hana ni faɗa masa. Na ce me ya hana shi tambaya. Duk amsar ɗaya ce.

Ya ce tun yaushe. Na ce tun kafin Azahar. Ya ce tun hantsi ya gama gyaran, ya tsaya jiran ya yi aski.

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ga hawaye. Na ce masa na ga ƙarshen fim ɗin, jirgin bai dawo ba. 

Ya ce, “Na sani. Kuka kike yi ranar.”

Na ce yau ma ina yi. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa ni, ya tuna, ya janye. Ya tashi ya fita tsakar gida, don yanzu bai halatta ya zauna a ɗakin nan ba.

Gwaggo na hanya.

Alhamis, da safe

Ɗakin da na tashi a ciki. Gadon ya yi mini kaɗan. Baba Malam bai yi mini faɗa ba. Da Gwaggo ta gaya masa yadda aka yi, cewa kawai ya yi Allah ya yi mini albarka, ya juya fuska.

Katangar madafi ta faɗi jiya, in ji maƙwabta.

Yara saura mako biyu su dawo. Ban san bakin da zan fara da shi ba.

Asabar, bayan La'asar

Gwaggo ta shigo tana danne dariya, wai na yi baƙo. Yana zaure ya sha babbar riga, ya durƙusa a gaban Baba Malam gumi na keto masa, yana neman izini ya yi zance da 'yarsa. Baba Malam ya ce masa ita bazawara ce, maganarta a bakinta take, sai abin da ta ce.

Bazawara. To, na rubuta.

Ya ba Gwaggo katin ta kawo mini. Bai ƙara ko harafi ba, ƙamshin kyandir kawai yake yi. Na ja, ya taho. Na mayar da shi.

Na ce ta gaya masa yau ba na fitowa. Ni ma ina da wanda nake so ya ji a jikinsa. Gwaggo ta ce Tayyiba, kin fara ko? Na ce ta je dai.

Na leƙa ta tagar soro. Ya fito daga zaure ya tsaya a lungu, ruwa ya fara saukowa, ya ɗaga kai yana kallon sama da babbar rigarsa kamar wanda bai taɓa ganin damina ba. Ko lema bai zo da ita ba, mutumin nan.

Na zari baƙar lemar Baba Malam daga bayan ƙofa na cusa wa Gwaggo. Na ce ta yi sauri ta cim masa, kuma ta gaya masa aro ce, gobe ya dawo da ita da kansa.